Outlook ko Thunderbird ko burauza kawai? Yadda muka kaya a ofishinmu

Ranar wata Litinin cikin watan Janairun 2024 Alhajinmu ya shigo ofis, ko zama bai yi ba ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Malam, nemo min takardar nan da mutumin Turkiyya ya turo kafin mu yi lodi, wadda ya ce ya ga samfur ya yarda." Riɗi muke fitarwa waje da zoɓo, wani lokacin har citta idan kasuwa ta yi, sitonmu yana Dawanau ofis kuma yana cikin gari, mu 11 ne gaba ɗaya har da direba. Kwantena ta isa can, mutumin ya ce wai dattin da ke cikin riɗin ya wuce yadda aka yi magana don haka sai an rage masa kuɗi, shi kuma Alhaji ya tabbata akwai imel ɗin da mutumin ya rubuto da kansa cewa ya amince da samfurin da aka aika masa. Na ce, "To ranka ya daɗe, yanzun nan." Ni a raina aikin minti 2 ne.

Har aka kira la'asar ina nema. Wasiƙar ta shigo ne ta adireshin yaron da yake kula da harkar masu saye na waje, na shiga akwatinsa ta burauza na ga babu komai a ciki sai wasiƙun mako 2 da suka wuce, na buɗe laftof ɗinsa nan ma daga Nuwamba abin ya fara, sai a lokacin ya tuna min ai a Nuwamban ne had-dis ɗinsa ya mutu aka kai Beirut Road aka sa masa sabo. Wato wasiƙun kamfani na shekara 3, duk cinikin da aka yi da wannan adireshin, a cikin ƙarfe ɗaya suke kwana kuma ƙarfen ya mutu ba wanda ya lura. Wallahi lokacin da na je gaya wa Alhaji bakina nauyi ya yi. Bai yi faɗa ba, shiru kawai ya yi sannan ya ce, "Yanzu duk kuɗin da muke biya na imel ɗin nan, ba a ajiye mana takardunmu?" Wannan tambayar ce ta sa ni cikin binciken da zan ba ku labari, don ni ba injiniya ba ne, aikin gudanarwa nake yi, kawai dai a ofis ɗin ni ake kira idan firinta ta ƙi.

Da farko kowa cewa ya yi laifin manhaja ne, a canza ta. Ni ma haka na ɗauka. Amma da na zauna na duba saitin sai na ga ba a nan gizo yake saƙar ba. Wanda ya haɗa mana imel ɗin tun farko ya sa kowa a kan tsarin da ake kira POP, kuma ba mugunta ya yi ba, wurin ajiyar da muka saya a wajen kamfanin hostin, wato masu riƙe mana imel ɗin a kwamfutocinsu, ƙarami ne sosai, idan aka bar wasiƙu a can kullum akwati cika zai dinga yi. Shi POP kamar akwatin gidan waya ne na da, masinja ya je ya buɗe ya kwaso wasiƙun ya kawo maka, akwatin ya koma fayau, abin da ya samu wasiƙun bayan nan kai ka sani. Akwai ɗan wurin da ake latsawa a ce a bar kwafi a saba, wato kwamfutar kamfanin hostin da wasiƙun suke fara sauka, to amma a ƙarƙashinsa akwai wani kuma da yake cewa a goge bayan kwana 14, kuma haka yake zuwa a saite, a Outlook haka ne a Thunderbird ma haka ne. Kun ga inda mako 2 ɗin nan ya fito. Ɗaya tsarin shi ne IMAP, shi kuma kamar sito ne, kaya suna zaune a can, kwamfutarka da wayarka da burauza duk makulli ne kawai suke riƙe da shi, wanda ka buɗe da shi abu ɗaya za ka gani, idan ka karanta a waya kwamfuta ma za ta nuna an karanta, abin da ka aika daga ofis za ka gan shi a gida.

To tun daga nan na gane tambayar wace manhaja ta fi kyau ita ce ta biyu. Ta farko ita ce ina wasiƙun suke kwana, kuma wa yake riƙe da makullin. Duk da haka sai da aka zo kan ta biyun, don tunda za a sake wa kowa saiti Alhaji ya ce a zaɓi abu ɗaya a huta, ya ba ni daga Fabrairu zuwa bayan sallah in gwada in kawo masa magana.

Yanayin da na tarar kuwa kowa da kiɗansa. Hajiya sakatariya Outlook take amfani da shi tun kafin ta zo wajenmu, ta iya shi kamar yunwar cikinta. Akanta shi ma Outlook amma tsohon yayi na 2010. Samarin kuwa ko buɗe manhaja ba sa yi, wasu ta Roundcube suke shiga, wato shafin imel ɗin da yake zuwa da hostin, wasu kuma sun ja wasiƙun kamfani sun zuba a Gmail ɗinsu na kansu don a can suka saba. Mutum 2 ma da Yahoo ɗinsu suke magana da masu saye kai tsaye. Na ɗauki guda 3 na sa a gaba, Outlook da Thunderbird da burauza zalla. Na ɗan leƙa eM Client, na wani kamfani ne a ƙasar Cek, kuma gaskiya yana da kyan gani, amma na kyautarsa akwati 2 kawai yake ɗauka kuma sun rubuta ƙarara ba don kasuwanci ba ne, sai na ajiye shi tun a ranar.

Bari in fara da Outlook don shi mutane suka fi sani, tun Office 97 yake tafe, kuma duk wanda ya yi aiki a banki ko wata babbar ƙungiya da shi ya saba. Ba zan rage masa komai ba, idan ma'aikatarku tana kan Exchange, wato sabar imel ta Microsoft, ko Microsoft 365 da yake haɗe da ita, to babu na biyunsa. Za ka kira mitin ka ga wa yake da sarari wa ba shi da shi kafin ka sa lokaci, sakatariya za ta iya riƙe kalandar oga ta amsa gayyata a madadinsa, akwati ɗaya mutum 4 su yi tarayya a kai, sunayen ma'aikata duka suna fitowa da ka fara rubuta harafin farko. Hajiya ta nuna min yadda take haɗa shi da Word da Excel ta tura wa dillalai 60 takarda ɗaya kowa da sunansa a sama, cikin minti kaɗan. Sai dai mu ba mu da Exchange. Hostin ne na talakawa, IMAP da POP kawai yake bayarwa, kuma da zarar ka ɗora Outlook a kan IMAP zalla to yawancin waɗancan abubuwan na tarayya babu su, kalandarka a kwamfutarka take zaune kai kaɗai. Kamar ka sayi tirela ne kana ɗaukar buhu 5.

Sannan ga maganar da ba a son yi, maganar lasisi. Da na bi kwamfutocin ofis ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗaya da aka sayi Office ɗinta, duk irin wanda ake sa maka ne a shago a haɗa da ɗan abin da yake fasa makullin, kuma an kashe sabuntawa don kar ya tona kansa. Wannan ya dame ni ta fuska 2. Na farko haƙƙi ne, muna kasuwanci muna cin riba da kayan mutane ba mu biya ba, kuma mu ne idan wani ya taɓa mana buhu ɗaya sai inda ƙarfinmu ya ƙare. Na biyu, manhajar da take buɗe duk wani fayil da baƙo ya turo maka daga ko'ina a duniya ita ce ta fi kowacce buƙatar a dinga toshe mata ɓaraka, mu kuma mun rufe mata wannan ƙofar da hannunmu. Da na kai wa Alhaji maganar cewa ya yi, "A'a, in dai na sata ne a cire, ko mu biya ko mu haƙura." To biyan fa? Microsoft 365 kuɗin wata-wata ne a kan kowane mutum kuma da dala ake lissafinsa, ga shi tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Akanta ya buga lissafin mutum 10 na shekara ya juyo min da kalkuleta bai ce komai ba.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata duk mai zaɓe yanzu ya sani, Outlook na Windows ya zama iri 2. Akwai na asali da muka sani, akwai sabo da yake zuwa kyauta a Windows 11, wanda ya maye gurbin tsohuwar manhajar Mail da aka daina kula da ita a ƙarshen 2024. Suna ɗaya, alama kusan ɗaya, amma cikinsu daban. Sabon kusan shafin intanet ne aka sa masa riga, kuma idan ka ɗora masa akwatin da ba na Microsoft ba, irin namu, ba kai tsaye yake zuwa sabarku ba, sabar Microsoft ce take shiga ta kwaso wasiƙun ta ajiye kwafi a wajenta sannan ta miƙo maka. Mujallar kwamfuta ta c't a Jamus ta yi rahoto a kan wannan a Nuwamban 2023, kuma shi kansa yana nuna maka sanarwa lokacin da kake saitawa, kawai dai mutane ba sa karantawa. Ban ce haramun ba ne, amma abu ne da mai kamfani ya kamata ya sani ya yarda da bakinsa, ba yaro ya latsa masa ba. Shi Outlook na asalin kuwa, Microsoft ya ce zai ci gaba da kula da shi aƙalla zuwa 2029. Masu Office 2016 da 2019 kuwa tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina yi musu gyara, rana ɗaya da Windows 10.

Thunderbird kuwa ni kaina ban taɓa buɗe shi ba kafin wannan lokacin. Na gidan Mozilla ne masu Firefox, cikakkiyar fitowarsa ta farko tun Disambar 2004 ce, an yi shekarun da ya yi sanyi kamar za a bar shi, daga baya a 2020 aka mayar da shi ƙarƙashin wani reshe nasu mai suna MZLA, kuma da gudummawar masu amfani da shi ake biyan ma'aikatansa. Kyauta ne na halak, ofis ko gida ba ruwansu, ba wani ɗan makulli da za ka fasa. Fitowa ta 115 na samu a lokacin, wadda suka sake wa fuska a 2023. Na sa adireshi da kalmar sirri ya nemo saitin da kansa, na dai duba na tabbatar IMAP ya ɗauka a ƙofa ta 993, fita kuma ta 465, shi ke nan.

Abin da ya fara burge ni ba wani babban abu ba ne. Ina riƙe da akwati 3, nawa da na tambayoyin masu saye da na takardun jirgi, sai ya haɗa min su a shafi ɗaya amma idan zan ba da amsa da adireshin da wasiƙar ta shigo yake fita. Na yi masa ƙa'idoji, duk abin da ya zo daga ejan ɗinmu na Legas ya wuce folda kaza, duk mai lambar kwantena a taken wasiƙar ya sha jan launi. Akwai ɗan layin tacewa a sama, kana rubuta lambar kwantena wasiƙun suna raguwa a gabanka har ya rage saura waɗanda kake nema. Kuma a tsohuwar kwamfutar akanta mai ram giga 4 ya zauna lafiya, alhali idan ya buɗe burauza da shafuka 6 ga Excel a gefe sai ta fara nishi.

Amma abin da ya sa na ba shi zuciyata shi ne foldar da yake ajiye komai. Wasiƙu da saiti da littafin adireshi da ƙa'idojin nan duka suna cikin folda ɗaya, ka rufe manhajar ka kwafe ta a had-dis na waje, ka kai wata kwamfutar ka zuba, ka buɗe ka ga komai yadda ka bar shi. Na gwada da hannuna, na kwashe tawa na kai laftof ɗin gida, har wasiƙar da na fara rubutawa ban gama ba na tarar. Kuma wasiƙun a tsarin mbox yake ajiye su, rubutu ne zalla wanda ko Notepad zai iya buɗewa ka karanta, manhajoji da yawa sun san shi. Shi Outlook idan a kan POP yake a fayil ɗin PST yake tara nasa, tsarin Microsoft ne, na da can giga 2 ne iyakarsa, daga 2010 aka kai shi 50, yana aiki ba laifi amma sai da Outlook ko wata manhaja ta musamman kake buɗe shi cikin sauƙi. Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban oga ya ce takardu sun tafi, wannan bambancin ba ƙarami ba ne a wajensa.

Yana da nasa fa, kar in yi muku daɗin baki. Ranar farko da na ɗora masa babban akwati na bar shi a yadda ya zo, shi kuma a IMAP komai yake saukewa har da fayilolin da aka maƙala, kafin azahar datar ofis ta mako guda ta tafi, sai daga baya na ga wurin da ake ce masa ya tsaya a kwana 90 na baya ko kar ya sauke wasiƙar da ta wuce girma kaza. Ku fara saita wannan kafin komai. Idan ka goge wasiƙu ba nan take wurin yake dawowa ba sai an matse foldar, yakan tambaya, ka ce masa e. Kalandarsa tana nan a ciki kuma tana yi, amma ba ta kai ta Outlook da Exchange santsi ba ko kusa, shi Exchange ɗin ma sai a Nuwamban 2025 suka sa shi kai tsaye, kuma wasiƙa kawai ya fara ɗauka. Wani lokacin kuma mai Outlook zai turo maka takarda ka ga wani abu wai shi winmail.dat maimakon fayil ɗin, wannan daga saitin mai turowa ne, idan ya mayar da rubutunsa HTML ya wuce, amma kai ne za ka sha kiran waya kana bayani. Hajiya ta gwada shi kwana 3 ta ce, "Ɗan nan, ka bar ni da abin da na sani, aiki ne a gabana." Kuma tana da gaskiya, aikinta na haɗa Word da jerin dillalai a can ya fi sauƙi.

Saura burauza. Samarin ofis duk nan suka karkata, hujjarsu kuma mai ƙarfi ce, ba abin da za a girka, ba abin da zai lalace, ka zauna a kowace kwamfuta ka shiga, laftof ya mutu ba abin da ya shafi wasiƙa. Da a kan Google Workspace muke, wato Gmail na kamfanoni, da ban ma tsaya dogon gwaji ba, don Gmail a burauza aka gina shi, bincikensa yana da sauri, kuma a Chrome yana da tsarin aiki ba intanet da zai riƙe maka wasiƙun kwana 7 ko 30 ko 90. To amma shi ma kuɗin wata ne a kan kowane kai. Abin da muke da shi a hannu Roundcube ne, mai sauƙi mai tsabta, sai dai idan babu netwok babu shi, ko wasiƙar da ka karanta da safe ba za ka sake gani ba. Dabarar jan wasiƙun kamfani zuwa Gmail na mutum kuwa na ce sam, don ranar da yaro ya bar aiki da takardunmu zai tafi a aljihunsa, ga shi ma daga baya Google ya sanar zai rufe wannan hanyar ta jawo wasiƙu da POP.

Ina cikin wannan auna-aunar ne Allah ya kawo abin da ya raba gardama. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi na 4, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a wajen gaɓar Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, duk wanda yake Najeriya ya tuna ranar, manhajojin banki suka tsaya, shafuka suka ƙi buɗewa. Sabarmu a Turai take. Ejan ya kira daga Legas yana neman lambar sil, wato hatimin da ake kulle ƙofa da shi, na kwantena 2 da nauyin da aka rubuta a takardar lodi, yana tsaye ana jiransa. Yaron da abin yake hannunsa ya yi ta sabunta shafi, farin allo kawai. Ni kuma da yake na ɗora akwatin takardun jirgi a Thunderbird don gwaji, na buɗe na rubuta lambar kwantenar, wasiƙar ta fito da fayil ɗinta, na karanta masa ta waya, na rubuta amsoshi 4 na ce a aika daga baya, da netwok ya ɗan leƙo da daddare suka fita. Hajiya ma da Outlook ɗinta tana ta aikinta a kan abin da ya riga ya sauka. Ba sai na yi wa kowa wa'azi ba ranar, gani ya kori ji. A inda intanet yake zuwa yana tafiya, ka samu kwafin wasiƙunka a kan teburinka ba ƙawa ba ce.

Wani abu kuma da ban sa a lissafi ba tun farko sai da ya faru. Bayan sallah wasiƙa ta shigo wa akanta da sunan ejan ɗin nan namu, da tambarinsa da irin gaisuwarsa, wai sun canza asusun banki a tura kuɗin aikin wannan karon a sabon. A waya ya fara gani, kuma manhajojin waya suna kawai suke nunawa sai ka latsa sannan adireshi ya fito. Da ya zo ofis ya buɗe a kwamfuta sai ga cikakken adireshin a fili, don na riga na saita wa kowa ya dinga nuna suna da adireshi tare ko da mutumin yana cikin littafinka, ya kira ni ya ce, "Malam zo ka ga wani abu." Harafi ɗaya aka ƙara a sunan kamfanin. Muka kira ejan a lambar da muka sani ya ce shi bai canza komai ba. Tun ranar Alhaji ya kafa doka, duk wasiƙar da ta ce an canza asusu, ko daga wa ta fito, sai an ji muryar mutumin. Wannan ba aikin manhaja ba ne, amma wadda take nuna maka adireshi ba tare da ka nema ba ta rage maka rabin hanya.

Ga yadda muka ƙare. Aka ƙara kuɗin hostin aka sayi wuri mai yalwa, wanda ko kusa bai kai kuɗin lasisin mutum 10 ba. Kowa ya koma IMAP. Tsofaffin wasiƙun da suka rage a kwamfutoci na ɗora su sama da kaina, sai in buɗe tsohon akwati da sabon a manhaja ɗaya in ja folda in saka, in bar kwamfuta a kan inbata ta kwana tana turawa, ya ɗauke ni wajen mako 2. Kwamfutoci 7 aka sa musu Thunderbird, aka cire Office na bogi aka sa LibreOffice. Hajiya da akanta aka saya musu lasisi na gaske irin wanda ake biya sau ɗaya, ita ta ci gaba da Outlook ɗinta, shi kuma don Excel, amma imel ɗinsa a Thunderbird ya bar shi don ya ce ya saba. Adireshin da masu saye suke rubutowa muka mayar da shi na aiki ba na sunan mutum ba, ko wa ya tafi akwati yana nan. A waya Alhaji manhajar Gmail yake amfani da ita an ɗora masa akwatin kamfani ta IMAP, ni kuma da Thunderbird na Android ya fito a Oktoban 2024 na koma kansa. Abokaina da suke aiki a wuraren da ake da Microsoft 365 idan sun tambaye ni cewa nake ku zauna a Outlook ɗinku kar ku wahalar da mai kula da kwamfutocinku, masu Workspace kuma su riƙe burauza su kunna tsarin nan na ba intanet. Namu zaɓin na masu ƙaramin hostin ne da ƙaramin aljihu.

Abu ɗaya da nake yawan nanatawa a ofis, IMAP ba ajiya ba ce. Idan ka goge a waya ya gogu a saba ya gogu a kwamfuta, idan wani ya sace kalmar sirri ya share akwatin haka kowa zai wayi gari ya gani. Don haka duk Juma'ar ƙarshen wata kafin a tafi masallaci ina bin kwamfutar da na saita ta sauke komai da komai, in rufe Thunderbird in kwafe foldar nan a had-dis na waje, guda 2 ne muke juyawa, ɗaya a durowar Alhaji ɗaya a gidana.

Wasiƙar mutumin Turkiyya kuwa ba mu same ta ba. Na koma Beirut Road neman tsohon had-dis ɗin, mai shagon ya tono shi a cikin kwali, aka gwada aka ce sai dai a kai Legas kuma ba tabbas. Alhaji ya ce a bar shi, ya rage wa mutumin kuɗin aka rabu lafiya, har yanzu yana saye a wajenmu. Wanda ya rage min yanzu shi ne waɗancan mutum 2 masu Yahoo, ɗaya ya yarda mun kwashe wasiƙun kamfani daga akwatinsa, ɗayan ya bar aiki tun kafin in kai kansa, na kira shi sau 3 yana cewa zai shigo gari, kuma cinikin zoɓon 2022 gaba ɗaya a wajensa yake.